Batirin Balbela

Ranar Laraba da hantsi Baba ya kira ni a waya, ina tsakiyar jera kwalabe a kanta a shagon maganin da nake aiki. Bai ma bari mun gama gaisawa ba.

"Auta, ranar Asabar ki zo ki kai ni filin jirgi. Balbela ta ƙi tashi."

"Me ya same ta, Baba?"

"Batir. Ruɓaɓɓe suka sayar mini. Kayan yanzu duk haka suke, sai kyan kwali."

Balbela ƙaramin jirgin saman Baba ne, mai inji ɗaya da farfela a hanci da kujeru huɗu. Baba likitan dabbobi ne. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana duba shanun manyan gonakin da ke nesa da gari, inda mota kan kwana biyu a hanya idan ruwa ya sauka. Tun kafin a haife ni ya koyi tuƙi, ya sayi jirgin a hannun wani kamfanin safiyo da ya rufe. Ma'aikatan gonakin ne suka raɗa masa sunan, don fari ne fat, kuma ba a ganinsa sai inda shanu suke. Sunan ya bi shi, har mu a gida "ita" muke ce masa. Shekara shida ke nan da Baba ya ajiye aiki, amma bai ajiye tashi ba. Duk mako sai ya je ya yi kewayen awa guda ya sauko.

Ni da Yayana tare da Balbela muka tashi. Mama ce kaɗai ba ta taɓa shiga ba. Cewa take ƙafarta da ƙasa ta saba, kuma dole wani ya tsaya a gida ya yi wa marasa jin magana addu'a.

Ban tambayi Baba abin da ya hana shi tuƙa kansa ba. Na ɗauka motarsa ce take wurin gyara.

Filin ƙarami ne, a bayan gari. Titi ɗaya ne na kwalta, da ofis mai ɗaki biyu, sai doguwar rumfar kwano inda ake ajiye jirage shida ko bakwai. A kusurwar rumfar makanikin jiragen, wanda ake kira Injiniya, yake da wurin aikinsa. Shi ke duba Balbela tun ina goye, shi ya sa Kawu nake ce masa. Gajere ne mai sanƙo, hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Mun tarar ya ciro batirin ya ɗora a benci bisa shimfiɗar roba, ya maƙala masa wayoyin mita.

"Likita, ga gawar," in ji shi. "Kwana biyu ina yi masa caji, na gwada shi jiya. Ko rabin abin da ya kamata ba ya riƙewa. Ba zan sa hannu a kansa ba."

"Wa ya ce ka sa? A mayar wa masu shi su ji kunya."

Kawu ya juya wajen teburinsa. Ya goge hannu a tsumma, ya jawo takardu uku daga aljihun tebur ya baje.

"Wani abin kuma, kamfanin ya daina yin wannan lambar. Dole a zaɓi wani. Na auna akwatin da ke bayan kujera, guda uku ne za su zauna a ciki."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kallona don ni ce ban san kan abin ba. Na farko mai ruwa ne irin tsohon. Shi wannan sai an riƙa buɗe murafensa duk wata ana dubawa, ana ƙara masa tataccen ruwa, in ba haka ba ya bushe ya lalace. Na biyu rufaffe ne, ba shi da murfi ko ɗaya, ba a ƙara masa komai. Ya ɗan fi nauyi, amma ko jirgi ya yi wata uku a ajiye yana nan da cajinsa. Na ukun na litiyam ne. Kawu ya ce da yatsa biyu zan ɗaga shi, kuma ya fi sauran daɗewa, sai dai yana da ɗawainiya. Sai hukumar jirage ta ba da takarda, sai an sake auna jirgin a sikeli, sannan a ƙara wata 'yar fitila a gaban matuƙi wadda dole ya riƙa sa mata ido.

Idon Baba a kan na ukun ya tsaya.

"Nawa ne nauyinsa?"

"Kilo uku da rabi. Tsohon kilo goma da rabi ne."

"Kilo bakwai ke nan za a cire daga bayan kujera." Ya ɗaga kai yana kallon kwano, leɓensa na motsi. "To hancinta zai ɗan yi nauyi. In ni kaɗai ne a gaba da cikakken mai, har yanzu muna cikin iyaka, amma sai na ƙara jan sandar tuƙi wurin sauka."

Kawu ya danna na'urar lissafinsa, ya juyo mini da ita. "Kin gani? Shi ya sa ba na son aiki da shi. Yana sa mutum ya ga kamar a banza ya je makaranta."

Na yi dariya, Baba ma ya yi. Sai Kawu ya ce, "Amma tambayar da ke gaba da komai ita ce, sau nawa za a riƙa tashi da ita? Batir da zama ba sa shiri."

"Kamar yadda aka saba mana. Duk mako." Baba ya sake ɗaukar takarda ta uku ya kai ta kusa da fuska. "Shi wannan na litiyam ɗin, nawa ne nauyinsa?"

Na zaci wasa yake. Na dubi fuskarsa na ga amsa yake jira.

"Kilo uku da rabi, Likita," in ji Kawu, da murya ɗaya da ta ɗazu.

"Tsohon fa?"

"Goma da rabi."

"Kai! Kilo bakwai ke nan." Ya yi murmushin wanda ya gano sabon abu.

Kawu ya tattara takardun. "Likita, taimaka ka ɗauko mini littafin jirgi. Yana aljihun bayan kujerarka."

Baba ya nufi can ƙarshen rumfa inda Balbela take. Sai da ya yi nisa Kawu ya jawo mini kujerar roba ya ce in zauna.

"Auta, batirin nan ba ruɓaɓɓe ba ne. Wata goma sha huɗu ke nan da na sa shi da hannuna. Irinsa yana shekara huɗu."

"To me ya kashe shi?"

"Akwai babban makunni a gaban matuƙi, ja ne. Shi ne abu na ƙarshe da ake kashewa in an sauka. In an bar shi a kunne, batir zai yi ta zuba har ya ƙare tas. Sau biyu ina tarar da shi a kunne bayan babanki ya tafi gida, na kashe ban ce komai ba. Na ukun na yi tafiya, kwana goma ba na nan. Shi ne ya ƙarasa shi."

"Kowa yana mantuwa, Kawu."

"Kowa yana yi. Ban da babanki. Shekara ashirin da takwas ban taɓa ganin ya fita daga jirgin nan bai bi katin dubawa, jerin abubuwan da ake kunnawa da kashewa, layi-layi da yatsa ba." Ya murza sanƙonsa. "Watan jiya ya bar murfin tankin mai a kan fiffike, ni na bi shi da gudu kafin ya hau titi. Sannan ranar nan ya yi minti ashirin yana kewaya filin nan bai sauka ba. Da ya yi magana a rediyo, da sunan tsohon fili ya kira mu, wanda aka rufe tun kina firamare."

A shagonmu ina ganin masu zuwa sayen irin maganin da ake rubuta wa masu wannan lalura. Yawanci 'ya'ya ne, kuma na san yadda fuskarsu take.

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Na yi ta cewa gobe. Laifina ne, ba zan kare kaina ba. Mutumin da kuka tsufa tare, ba ka san ta inda za ka fara ba."

"To kada ka yi odar ko ɗaya," na ce. "Ka ce babu a kasuwa. Ka ce sai wata shida."

Ya girgiza kai. "Injin jirgin nan ba ya buƙatar batir in ya riga ya kama. Ana iya tayar da shi da hannu, a murza farfela. Babanki ya yi haka a gonaki ya fi a ƙirga. In ya gaji da jira zai yi, kuma ya tashi ba rediyo ba fitila. Wannan ya fi muni. Sannan ni ban taɓa yi masa ƙarya a kan jirginsa ba."

Can Kawu ya duba agogo ya ce, "Ya daɗe."

Mun same shi zaune a kujerar matuƙi, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Littafin na kan cinyarsa a buɗe, ya ɗora tafin hannu a kai. Da ya gan mu ya rufe shi.

"Injiniya, ka ba ni takardun nan uku in je gida da su. Ba na son gaggawa."

Muka koma mota, na tuƙo mu har muka shiga layinmu. Nan ya ce in rage gudu, akwai rami gaban gidan mai kanti. Ramin kuwa yana nan.

Na samu Mama a kicin tana yanka albasa. Na tura ƙofa, na faɗa mata duk abin da Kawu ya ce. Ba ta daina yankan ba.

"Kin sani," na ce.

"Ni da nake ɗaki ɗaya da shi?" Ta tura albasar gefe da bayan wuƙa. "Wata biyu da suka wuce ya fita kasuwa da mota, sai bayan awa huɗu ya dawo, ba ko leda a hannunsa. Ya rataye makullin a ƙusa, bai sake taɓa shi ba. Motar haya yake kira. Rannan na tarar da gilashinsa a firij."

"Mama! Kina gani ya kasa tuƙa mota, kika bar shi yana tuƙa jirgi?"

"Na bar shi? Yaushe na taɓa hana shi?" Ta juyo, idonta ya yi ja, na albasa ne ko na wani abu ban sani ba. "In ya dawo daga filin nan shi ne mijin da na sani. Ya ci abinci, ya yi hira, ya tsokane ni. Sauran kwana shida a kujera yake yini yana kallon bango. Na san ganganci na yi. Kullum ya fita sai cikina ya ɗuri ruwa har ya dawo. Amma na rasa bakin da zan ce masa ya isa."

Na kira Yaya, da yake aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Shi a wurinsa maganar gajeriya ce. A ɗauke makullin jirgin yau ɗin nan, a kira hukuma a soke lasisin, in Baba ya yi faɗa ya yi.

"In ya faɗo a kan gidan mutane fa?" in ji shi. "Ke da Mama, kun yi tunanin wannan?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ba ni haushi. Na ce masa faɗa daga nesa ba wuya, ya zo ya ɗauke da hannunsa. Muka rabu ba daɗi.

Washegari bayan azahar na koma gidan, na shirya maganata tun a hanya. Baba na ƙaramin ɗakin da yake kira ofis. Kayan aikinsa na da suna nan cikin kabad mai gilashi, manyan allurai na shanu da dogayen safar hannu, ga taswira a bango duk ya zane ta da fensir. Takardun uku na kan tebur, ya jera su, littafin jirgin na gefe.

"Zauna, Auta. Na zaɓa."

"Baba, kafin nan akwai maganar da..."

"Rufaffen za a sa."

Ni kuwa da na tabbata na litiyam zai ce.

"Mai ruwan yana son mai tuna shi duk wata," in ji shi. "Na litiyam yana son mai sa wa fitila ido. Wannan kuwa ba ya neman komai a wurin kowa, kuma yana jure zama. Za ta ɗan zauna kafin a samu wanda zai karɓe ta."

Ya buɗe littafin ya juyo mini da shi, ya sa yatsa a wani layi.

"Jiya na gani. Wata goma sha huɗu. Ga sa hannun Injiniya, ga nawa a ƙasa. Ni a kaina batirin nan ya shekara biyar. Batir ba ya mutuwa a wata goma sha huɗu sai an kashe shi, kuma ni kaɗai ke shiga jirgin nan." Ya rufe littafin. "Shekara nawa ina duba marasa lafiyar da ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo? Sai dai ka tsaya ka lura da tafiyarsu da cin abincinsu. Kina tsammanin ban lura da kaina ba?"

Maganar da na shirya duk ta watse. Na ce, "Tun yaushe, Baba?"

"An kusa shekara. Da farko sunayen magunguna ne suka fara gudu." Ya dubi taswirar. "Rannan ina sama, rana tsaka, gari fes. Na leƙa ƙasa na ga kogi da gada da hanya ta yi kwana. Na san na san su. Amma da za a sa mini wuƙa a wuya a ce in faɗi ko ina ne, ba zan iya ba. Hannuna yana tuƙi lafiya lau, ni kuma ban san inda za ni ba. Na yi ta kewayawa har abin ya dawo. Da na sauka na ce ba zan ƙara ba. Mako na zagayowa na koma. Ko na manta na yi alkawarin, ko na yi kamar na manta, wallahi ban sani ba."

Kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi, bai rarrashe ni ba, sai ya turo mini hankicinsa ta kan tebur.

Na share hawaye na ce, "In ba za ka ƙara tashi ba, me ya sa za a sa sabo? Wanda ya karɓa ya sa da kansa."

"Ban taɓa miƙa wa mutum dabba a kwance ba. A tsaye za ta bar hannuna." Ya gyara zama. "Abu biyu nake roƙo. Ki gaya wa yayanki kada a ƙwace mini makulli kamar yaron da ya ɗauki reza. Ni zan miƙa. Na biyu, zan rubuta takarda da hannuna cewa ni na bayar, ba wanda ya tilasta ni. Ki ajiye ta, don wata rana zan musa."

A gabana ya rubuta ta, layi bakwai, ya sa kwanan wata bayan ya tambaye ni ko nawa ga wata.

Kwana goma sha tara batirin ya yi kafin ya iso. A tsakanin nan muka je asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka yi hoto, aka yi tambayoyi. Baba ya ce masa, "Abokin aiki, kada ka sa mini sukari, faɗa mini yadda take." Likitan ya faɗa. Magani zai iya rage gudun abin, ba zai tsayar da shi ba. Daga asibiti Baba ya sa na kai shi ofishin hukuma ya miƙa lasisinsa. Yaya ya kira shi suka yi magana mai tsawo, ban san me suka ce ba, amma daga baya Yaya ya kira ni ya ba ni haƙuri, ni ma na ba shi.

Ranar da za a sa batirin, Mama ta fito da mayafinta da jakarta ta shiga bayan mota ba wanda ya gayyace ta.

"Ina zuwa?" in ji Baba.

"Shekara arba'in ina jin labarin abin nan. Bari in gani da idona."

Kawu ya cire marfin da ke bayan kujerun baya, ya wanke akwatin ya goge farin garin da ruwan tsohon batirin ya bari. Sabon baƙi ne sumul, ba murfi ba komai. Baba ya ce shi zai ɗaure wayoyin. Kawu ya miƙa masa sifana, ya tsaya a kansa, da ya gama ya bi kowane noti ya sake gwadawa, Baba bai ce uffan ba. Da a da ne da an yi rabin awa ana musu.

A filin akwai makarantar koyon tuƙi, mai ita wata mata ce doguwa mai ƙarancin magana, kowa Kyaftin yake ce mata. Ita ta yarda za ta karɓi Balbela don ɗalibanta, kuma ita za ta zauna a kujerar dama ranar, Baba ya yi tashinsa na ƙarshe, jirgin na hannunta a hukumance. Ta dubi ni da Mama ta tambayi nauyin kowa don lissafi. Mama ta ce ita ba a taɓa yi mata wannan rashin kunyar ba, sannan ta raɗa mata a kunne.

Muka shiga. Na ɗaura wa Mama bel na sa mata abin ji a kunne. Baba ya ɗauki katin dubawa yana karantawa da ƙarfi, Kyaftin na amsawa. Ya leƙa taga ya yi kiran a kauce, ya murɗa makulli. Farfela ta juya sau biyu injin ya kama, jirgin duk ya ɗauki rawa.

"Kun ji?" in ji Baba a cikin kunnuwanmu. "Ko tari ba ta yi ba."

Kyaftin ce ta yi magana a rediyo, ita ke faɗa masa inda zai juya. Sauran duk shi ya yi. Da ƙafafun suka bar kwalta Mama ta damƙe hannuna har zobenta ya shige mini fata, idonta a rufe, bakinta na motsi. Mun kai minti goma a haka. Sai Baba ya ɗan karkata fiffike ya ce, "Buɗe idonki ki ga marasa lafiyata."

Ta buɗe ɗaya, sannan ɗayan. A ƙasa garke ne ya bazu a gefen wani tafki, farare da jajaye, inuwarsu ta fi su tsawo.

"Waɗannan shanu ne? Kamar an zubar da shinkafa." Ta matsa kusa da gilashi. "Ashe haka kake ganinmu duk shekarun nan, 'yan mitsi-mitsi. Shi ya sa in na yi faɗa ba ka ji."

Baba ya yi dariya har kafaɗarsa na girgiza. Ya nuna mata wata gona mai jan rufi, ya ce a nan ya taɓa yini yana ciro ɗan maraƙi da ya zo a juye. Ya faɗi launin saniyar da sunan da masu ita ke kiranta. Sunan gonar ne ya ƙi zuwa. Ya yi ta nema, ya ce yana bakinsa, sannan ya bari. Mama ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa ta baya, ba ta ɗauke ba har muka juyo.

Saukar da ya yi ban ma ji lokacin da muka taɓa ƙasa ba. Kyaftin ta dube shi ta ce, "Likita, da ɗalibaina za su yi rabin wannan da na huta." A bakin rumfa ya zare makullin daga zoben makullansa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce tayar hagu tana son a riƙa duba iskarta. Kawu ya shige kusurwarsa ya ba mu baya yana ta jera sifanun da suke a jere.

Wata biyar aka yi lafiya. Sai wata safiya Baba ya fito da takalminsa a ƙafa yana neman makullin jirgi. Da aka ce ya bayar, ya ce ƙarya ne, ni da Yaya muka haɗa baki muka sayar a bayan idonsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Na je na ɗauko takardar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya gane rubutunsa, ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar ranar ce aka fara gaya masa. Bayan kwana huɗu ya sake tambaya, na sake nuna masa, ya sake yin kukan. A karo na uku Mama ta karɓe takardar daga hannuna ta sa a ƙasan akwatinta.

"Ya isa," in ji ta. "Ba za a riƙa yi masa mutuwa ɗaya duk mako ba."

Daga ranar, in ya tambaya, sai ta ce, "Tana wurin Injiniya." Ba ƙarya ta yi ba, don har yanzu shi ke duba ta. Baba sai ya gyaɗa kai ya ce to madalla, tana hannu mai kyau. A hankali tambayar ta ragu, har ya daina.

Yanzu shekara uku ke nan. Na dawo gidan da zama don Mama ba za ta iya ita kaɗai ba. Yaya na zuwa duk ƙarshen wata ya yi masa aski. Baba ya san Mama, ko da yake wani lokaci sunanta na ɓace masa. Ni kuma wata rana Auta ce, wata rana ma'aikaciyar asibiti ce mai kirki.

Kawu na zuwa duk Juma'a da yamma, ya wanke hannunsa har ya yi ja amma man bai fita ba. Makon jiya na kawo musu shayi a baranda, na tarar Baba na yi masa kallon baƙo, cikin ladabi.

"Bawan Allah, wace sana'a kake yi?"

"Gyaran jiragen sama, Likita. Ƙanana."

"A'a! Sana'a mai kyau." Baba ya tura masa kofin da sukari. "Sai dai ka riƙa lura sosai. Rayukan mutane ne a hannunka."

"Ina ƙoƙari, Likita."

"Ka daɗe kana yi?"

"Na ɗan daɗe."

Kawu ya zuba sukari cokali biyu ya juya. Suka sha shayinsu, ya zauna har aka kira magariba, sannan na raka shi bakin ƙofa ya ce sai wani makon.